David Steel, dokar zubar da ciki da maganar muhalli: me ya haɗa su?

Barista Nura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata ɗalibata ce ta tsare ni da tambaya shekaranjiya. Ta ce tunda Turawan Ingila ne suka bar mana dokar da ta hana zubar da ciki, me ya sa su tasu ta canza, tamu tana nan inda suka bar ta? A Arewa sashe na 232 na Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai fa in an yi ne don ceton ran uwa. Ta Kudu kuwa, sashe na 228, kusan ƙanwar dokar Ingila ce ta 1861.

Garin nema mata amsa na faɗa tarihin mutum ɗaya, David Steel. Ɗan limamin coci ne daga Sikotilan, an haife shi a 1938, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Kenya inda mahaifinsa ke aiki. Ya shiga majalisar dokokin Birtaniya a zaɓen cike gurbi na 1965 yana ɗan shekara 26, shi ne autan majalisa a lokacin. Jam'iyyarsa ta Liberal kujera 12 kacal ta samu a zaɓen 1966. Amma can suna da al'ada: duk shekara ana jefa ƙuri'a tsakanin 'yan majalisar da ba ministoci ba, waɗanda sunansu ya fito a sama a ba su lokaci su kawo ƙudirin ƙashin kansu. Steel ya fito na uku, ya ɗauki maganar zubar da ciki. A karatu na biyu, 22 ga Yuli 1966, mutum 223 suka goyi baya, 29 suka ƙi. Sarauniya ta sa hannu ranar 27 ga Oktoba 1967, doka ta fara aiki 27 ga Afrilu 1968.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, shekara biyu bayan sa hannun Sarauniya mutumin nan ya zama shugaban reshen Sikotilan na Shelter, ƙungiyar da ke fafutukar nema wa marasa muhalli gida. Hannu ɗaya yana buɗe ƙofar cire ciki, ɗayan yana nema wa iyali ɗaki. Tufka da warwara ke nan, ko kuwa aiki ɗaya ne?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Barista, ai ba sai an wahalar da kai ba. Allah ya ce kada ku kashe 'ya'yanku saboda tsoron talauci, Shi ke azurta su da ku. Tana cikin Suratul Isra'i. Wanda ya gina wa talaka gida ya kyauta. Wanda ya ce wa talaka in ɗaki ya yi maka kaɗan ka rage 'ya'ya tun suna ciki, wannan kuma wani abu ne daban. Alherinsa na can ba ya wanke wannan.

Sarkin Gardama:
To fa. Ba a ko gama sallama ba Malam ya yanke hukunci. Ku bari in kawo shayi.

Maman Walid:
Allah ya gafarta Malam, ni ba zan yi jayayya da aya ba. Amma shekarata 19 ina aikin ungozoma a arewacin Ingila, bari in faɗi abin da na ji da kunnena. Matar da ta koya min aiki da na zo, tsohuwa ce sosai, ta fara nas tun kafin dokar. Ta ce a asibitinsu daren Juma'a suke tsoro, domin ranar ake biyan ma'aikata albashi, ranar mace ke samun kuɗin da za ta kai wa matar lungu. Zuwa tsakar dare sai a fara shigo da su, zazzaɓi, jini, ciki ya ruɓe. Wata ruwan sabulu aka ɗura mata, wata ƙarfen saƙa. Yawancinsu kuma ba 'yan mata ba ne, matan aure ne masu 'ya'ya huɗu biyar a ɗaki biyu. Ta ce abin da ya fi ci mata rai, sai mace na bakin mutuwa amma ba za ta faɗi abin da aka yi mata ba, don kada 'yan sanda su shigo.

A farkon shekarun 1960 zubar da ciki ne kan gaba cikin abin da ke kashe masu juna biyu a Ingila. Wannan ba labarin tsohuwa ba ne, yana cikin rahotannin hukuma.

Barista Nura:
Haka ne Hajiya. Kuma masu kuɗi ba sa zuwa lungu. Tun 1938 wani likita, Aleck Bourne, ya cire wa yarinya 'yar shekara 14 cikin da ta samu bayan sojoji sun yi mata fyaɗe, ya sanar da 'yan sanda da kansa, aka gurfanar da shi, kotu ta wanke shi. Daga nan aka samu kafa: in likita ya gamsu cikin zai ruguza lafiyar mace, jiki ko ƙwaƙwalwa, zai iya. To mai hali sai ta je unguwar manyan likitoci a Landan, ta biya likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta takarda, a yi mata a ɗaki mai tsabta. Matar lebura kuwa sai lungu. Babbar hujjar Steel ke nan a majalisa.

Abin mamaki, shi Bourne ɗin daga baya yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da ƙudirin Steel. Yana ganin an wuce gona da iri.

Malam Ɗanjuma:
To ka gani. Wanda ya buɗe tagar da kansa ya ga an fasa bango.

Ummi Zazzau:
Malam, da izininka. Ni ɗaliba ce, gyara nake nema. Na san a mazhabarmu ta Malikiyya mashhurin zance shi ne haramci tun daga shigar ciki. Amma na karanta cewa da yawa daga Hanafawa sun yi sassauci kafin kwana 120 in akwai uzuri, saboda hadisin Ibn Mas'ud na busa rai. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ma a Makka, a 1990, ta halatta kafin kwana 120 in likitoci amintattu sun tabbatar da mummunar nakasa da ba ta da magani. Ashe ke nan ba baƙi da fari ba ne kawai?

Malam Ɗanjuma:
Madalla 'yata, kin yi karatu. Saɓanin yana nan, ban musa ba. Amma duba da kyau: uzuri suka ce, kuma kafin busa rai. Dokar wannan bawan Allah da ta fito, iyakarta mako 28 ne, sai a 1990 aka rage zuwa 24. Lissafa mako 24, kwana 168 ke nan. Wane Bahanafe ne ya kai nan?

Maman Walid:
Ɗan gyara kaɗan Malam. Mu a asibiti daga ranar farko ta al'adar ƙarshe muke fara ƙirga, wato da kamar mako biyu kafin cikin ya shiga. Kwana 120 na malamai ya faɗo wajen mako 19 a lissafinmu. Duk da haka maganarka tana nan, 24 ya wuce 19. Sai dai kusan tara cikin goma ana yi ne kafin mako 10, yawanci da ƙwaya. Masu kai wa mako 20 zuwa sama 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu hoton mako 20 ne ya nuna matsala a jikin jaririn. Na zauna da irin waɗannan matan. Wata ta riga ta sayi kayan jariri.

Ɗan Zango:
Salamu alaikum. Ni direban tasi ne a Gilasgo, asalina Kumasi. Fiƙihu na bar wa malamai, amma maganar gida ni zan ba ku labari.

Da na kawo iyalina, mai gidan da muke haya ya ce zai sayar, ya ba mu takardar tashi. Muka je ofishin gidaje na hukuma, aka sa mu a masaukin wucin gadi. Ɗaki ɗaya, ni da mai ɗakina da yara biyu. Kicin na mutum shida ne. Bangon da ke bayan gado kullum a jiƙe, baƙin fumfuna ya hau shi kamar an watsa tawada, kana gogewa da safe yana dawowa. Ƙaramin yaron ya kama tari. Na dawo aiki ƙarfe huɗu na asuba, ba inda zan miƙe sai na ɗaga yaro.

A haka ta samu ciki na uku. Wallahi ranar da ta faɗa min, ba murna ce ta fara zuwa ba. Zama muka yi shiru muna kallon bangon nan. Da ta je awo, cikin tambayoyin da aka yi mata har da ko tana son ci gaba da cikin. Ta dawo tana kuka, ta ce kamar sun leƙa zuciyarta. Mun riƙe, alhamdu lillahi, yarinyar yanzu tana aji uku. Amma tun ranar na daina zagin matar da ban san ɗakinta ba.

Ummi Zazzau:
Allah sarki Kawu. Yaya aka yi kuka fita?

Ɗan Zango:
Ungozomarta ce ta rubuta wasiƙa, ta zayyana danshin da tarin yaron. Wata bakwai bayan nan aka ba mu gida mai ɗaki biyu. A masaukin aka yi suna.

Barista Nura:
Ɗan Zango, labarinka ya kai ni inda nake son zuwa. Ƙudirin Steel na farko yana da wani sashe ƙarara da ya ce a iya cire ciki in ɗawainiyar yaron za ta fi ƙarfin uwar. Ƙungiyoyin likitoci suka ƙi, suka ce su ba alƙalan talauci ba ne. Steel ya janye sashen, 'yan fafutukar da ke bayansa suka ji haushi ƙwarai. Amma aka saka wasu kalmomi a madadinsa: likitoci biyu za su duba haɗari ga lafiyar matar ko ta 'ya'yan da take da su, kuma suna iya la'akari da yanayin da take zaune a ciki, na yanzu ko wanda ake hasashe. Yanayin zama. Ai bangon Ɗan Zango ke nan aka shigar cikin doka ta ƙofar baya.

Kuma a dubi lokacin. A ƙarshen 1966, ana tsakiyar wannan muhawara, aka kafa Shelter. Lokacin in iyali suka rasa gida, akan kai uwa da yara gidan marasa galihu a hana miji kwana, wani lokaci a ƙwace yaran gaba ɗaya. Sai a 1977 aka yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su samar wa wasu rukunin marasa muhalli gida, kuma mace mai ciki da iyali masu yara suna sahun gaba.

Sarkin Gardama:
Dakata Barista, kada ka yi mana awon igiya. Dokar 1977 ba ta Steel ba ce. Stephen Ross ne ya kawo ta, ɗan majalisa mai wakiltar tsibirin Wight. Kuma kafin ta wuce sai da 'yan adawa suka cusa mata cewa wanda ya jawo wa kansa rashin gida da gangan ba shi da cikakken haƙƙi, kalmar da ma'aikatan ofis suka daɗe suna korar mutane da ita. Kada ka ɗauki rawanin wani ka naɗa wa gwaninka.

Barista Nura:
Na karɓi gyara, ƙudirin Ross ne. Amma Ross ɗan Liberal ne, Steel kuma shi ne shugaban jam'iyyar tun 1976. A watan Maris 1977 ya ƙulla yarjejeniya da Firaminista Callaghan, 'yan Liberal suka tallafi gwamnatin Leba da ta rasa rinjaye, kuma gwamnatin ta mara wa ƙudirin Ross baya. Ita ma dokar 1967 ba don ƙarfin Steel kaɗai ta wuce ba. 'Yan adawa sun so su cinye lokacin da dogon surutu, sai da Roy Jenkins, ministan cikin gida, ya sa gwamnati ta ƙara lokaci, aka kwana a majalisa. Ɗan majalisa shi kaɗai ba ya yin doka, ko a can.

Kuma ba gwanina ba ne.

Malam Ɗanjuma:
Ni lissafi nake so a yi. An ce don ceton matan da ke mutuwa a lungu aka yi. To a 2022 sama da 250,000 aka zubar a Ingila da Wales kaɗai. Shekara ɗaya. Duk waɗannan mutuwa za su yi? Kuma na ji shi kansa Steel da ya tsufa ya ce bai taɓa tsammanin adadin zai kai haka ba.

Maman Walid:
Ya faɗa, wajen cikar dokar shekara 40. Kuma adadin gaskiya ne, Malam, ni ma yana damuna, ba na ɓoyewa. Kusan dukkansu a ƙarƙashin sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ake rubuta su. Ni kaina ba na shiga aikin, dokar ta ba ni wannan damar, akwai sashen da ya ce wanda imaninsa bai yarda ba ba za a tilasta shi ba sai in rai ne ke cikin haɗari. Wannan ma Steel ne ya yarda aka sa.

Amma ga abin da nake gani kullum, kuma shi ne amsata ga tambayar Barista. Doka ta ce a duba yanayin zaman mace. To an duba. Sai me? In ta ce ba za ta iya ba, cikin mako ɗaya ko biyu an gama, kyauta. In ta ce za ta riƙe amma tana buƙatar ɗaki, sai a ba ta lamba a layi, layin kuma a wasu garuruwan shekaru ne. Ni ce mai rubuta wasiƙun nan irin wadda aka rubuta wa Ɗan Zango. Na rubuta sun fi a ƙirga. Wata amsar ba ta zuwa sai yaron ya fara tafiya.

Rabin aikin mutumin nan an riƙe shi gam shekara kusan 60, duk wanda ya taɓa shi sai an yi ca a kansa. Ɗaya rabin kuwa an bar shi ya zube. Daga 1980 gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher ta ba masu haya damar sayen gidajen hukuma da rahusa, aka sayar da kusan miliyan biyu a Ingila, ba a gina madadinsu ba. A 2017 kuma aka kawo ƙa'idar cewa tallafin yara ya tsaya a kan biyu, na uku ba shi da kaso. Na ga mace ta zauna gabana da waya tana lissafin kuɗin madara, ba ta ko kalli hoton cikin ba. Wannan zaɓi ne? Ni ban kira shi zaɓi ba.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya, a nan kam ba mu da saɓani. Hukumar da ta sauƙaƙa cirewa ta tsananta riƙewa ta yi zalunci biyu. Inda muka rabu, ke kina ganin a gyara rabin da ya zube, ni ina ganin rabin farkon ne ya ba su damar sakaci da na biyun. In akwai hanya mai arha, wa zai gina gida?

Maman Walid:
Kafin 1967 babu hanya mai arhar, Malam, kuma ba su gina wa matan nan ba. Lungu suka tafi.

Sarkin Gardama:
Ɗaya da ɗaya. A tafi hutun rabin lokaci.

Amma tunda ana wanke mutum ana shanyawa, ku faɗi duka. Wannan Steel ɗin shi ne a 2019 ya faɗa wa kwamitin binciken cin zarafin yara cewa tun 1979 ya yi magana da ɗan jam'iyyarsa Cyril Smith kan zargin lalata da yara maza, ya fita da zaton cewa zargin gaskiya ne, bai ɗauki mataki ba. Daga baya ma aka ba Smith lambar girma ta Sir. Da rahoton ya fito a 2020 Steel ya bar jam'iyya ya bar majalisar dattawa. Mai tausayin marasa galihu ke nan. Yaran da ake magana a kansu wasu a gidan kula da yara suke, su ne ainihin marasa gida.

Barista Nura:
Wannan ba ni da abin karewa. Uzurin da ya bayar shi ne abin ya faru tun Smith bai shiga majalisa ba, kuma 'yan sanda sun bincika ba a gurfanar da shi ba. Kwamitin bai karɓi wannan ba, ni ma ban karɓa ba.

Abin da ke ɗaure min kai, mutumin ba matsoraci ba ne a wasu wuraren. Ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Birtaniya. Mazaɓarsa mutanen ƙwallon zari-ruga ne na gani-kashe-ni, amma ya fito ya yi adawa da zuwan tawagar Afirka ta Kudu, a zaɓen 1970 da ƙuri'a 550 kacal ya tsira. A 1968 ya ƙi dokar da ta rufe wa Indiyawan Kenya masu fasfon Birtaniya ƙofa. Ya iya tsaya wa na nesa, na cikin gida ya gagare shi.

Alhaji Baba (mai kula da zaure):
Jama'a, ana ƙaruwa. Tunatarwa kawai: na goge saƙo biyu na wani da ya kira Hajiya da sunan da bai dace ba. Wanda ke da hujja ya kawo, wanda zagi ya kawo shi ya nemi wani zauren.

Ummi Zazzau:
Na gode Baba. Barista, to yanzu dokar tana nan yadda ya bar ta?

Barista Nura:
Ƙashin bayanta yana nan, har da sharaɗin likitoci biyu. Abin da mutane ba su sani ba, ba ta soke dokar 1861 ba, kafa kawai ta buɗe a jikinta. Wanda ya fita daga sharuɗɗan, laifi ya yi, shi ya sa a 'yan shekarun nan aka gurfanar da wasu mata. A watan Yuni 2025 majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a, 379 da 137, kan gyaran da 'yar majalisa Tonia Antoniazzi ta kawo na a daina tuhumar mace kan cikin kanta a Ingila da Wales. Ireland ta Arewa kuwa dokar Steel ba ta taɓa shafarta ba, sai a 2019 aka canza tasu.

A gefen gidaje, Sikotilan ta wuce Ingila. Tun ƙarshen 2012 ta cire maganar sahun gaba, duk wanda ya rasa gida ba da gangan ba yana da haƙƙin a ba shi matsuguni na dindindin.

Ɗan Zango:
A takarda, Barista. Haƙƙin yana nan, gidan ne babu. Jiya ma na ɗauki wata daga masaukin da muka zauna, da ciki ya kai wata bakwai da jakar leda biyu. Na tambaye ta ɗaki na nawa, ta ce na ƙarshe a sama. Namu ne. Ban tambaye ta bangon ba.

Amaryar Bana:
Salamu alaikum, tun ɗazu ina karantawa ban yi magana ba. Anti Maman Walid, don Allah wasiƙar nan da kika ce, ungozoma kaɗai ke rubutawa ko likitan unguwa ma zai iya? Kuma sai ciki ya kai wata nawa ake kai ta ofishin gidaje? Muna ɗaki ɗaya ne a gidan yayan mijina, kuma matarsa ta fara magana.

Maman Walid:
Kowannensu zai iya, ƙanwata, kuma ba sai ya tsufa ba, takardar awon farko ta isa shaida. Kada ki bari sai an fitar muku da kaya. In yayan zai yarda ya rubuta cewa ba zai iya ci gaba da riƙe ku ba, da ranar da yake so ku tashi, ki haɗa da ita. Ina shiga aikin dare yanzu. Turo min saƙo ta gefe, in na fito da safe zan kira ki.